Za a kwashe injinanmu daga Sharaɗa zuwa Agbara: in bi su ko in karɓi sallama?

Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 44, kuma shekara 16 ke nan ina aiki a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano, inda nake kula da injin da ke buga bokitai da kujeru. A makon jiya aka tara mu aka shaida mana cewa za a rufe reshen Kano, a kwashe injinan zuwa Agbara a jihar Ogun, saboda tsadar wuta da man dizal da kuɗin dakon kaya daga tashar jiragen ruwa. Ina cikin 'yan kaɗan da aka ce za su iya bin injinan, da alkawarin ɗan ƙari a kan albashi, wanda kuma bai so tafiya ba za a ba shi kuɗin sallama. Duk da baki aka faɗa mana, kuma an ba mu mako huɗu mu ba da amsa. Ina da mata da 'ya'ya biyar, babbar tana ajin ƙarshe na sakandare. Mahaifiyata tana tare da mu, tana fama da hawan jini, ni ne kuma mai kai ta asibiti. Ina da kangon gida a wajen Fanshekara wanda ya kai linta. Ƙanena ya ce in karɓi sallamar in sayi adaidaita sahu, maiɗakina kuwa ta ce duk abin da na yanke daidai ne, amma na ga ranta bai kwanta ba. Ban taɓa wuce Abuja ba, kuma tun ranar da aka faɗa mana ban yi barcin kirki ba.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa hakan ya zama alheri, ya kuma ba Hajiya lafiya. Ra'ayina shi ne ka bi aikin, amma ka tafi kai kaɗai da farko, kada ka ɗaga ƙafa sai ka riƙe takarda mai sa hannu wadda ta ƙunshi duk abin da aka faɗa maka da baki, kuma ka sanya wa tafiyar wa'adin da kai da iyalinka kuka sani. Idan aka hana ka takardar, to shawarata ta juya, domin a kanta komai ya rataya.

Zan fara da cire maka wani fata wanda na san yana yawo a zukatan abokan aikinka ko da ba su furta ba, wato tunanin cewa rufewar ta ɗan lokaci ce, in al'amura suka daidaita za a dawo. Dalilan da aka ba ku ba na yau ba ne, kuma ba masu wucewa da wuri ba ne. Ɗanyen kayan roba yawanci ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas yake shigowa, sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu a bayan tirela kafin ya iso Kano. Masana'antun Agbara da Ota, da ke dab da Legas, suna da bututun iskar gas da ke kai musu makamashi har ƙofa, alhali na Sharaɗa da Bompai da Chalawa sun dogara da janareta da wutar da ba ta tsayawa. A shekarar 2023 aka saki darajar naira, kayan waje suka ninka kuɗi, sannan a watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wutar rukunin A, wato na waɗanda aka ce sun fi kowa samun wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Gaskiya ne an ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano tun 2020, kuma muna masa fatan alheri, amma magidanci mai baki bakwai a wuyansa ba ya gina lissafin tuwon gobe a kan bututu. Mai masana'antar da ya biya kuɗi aka kwance inji aka ɗora a mota ba ya shirin dawo da shi baɗi.

Na faɗi haka ne saboda abin da idona ya gani a Kakuri. Masaƙar KTL, wadda aka kafa a Kaduna a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, ita kuma masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kuma shekaru da yawa bayan haka akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙun unguwar da ke taruwa suna jiran labarin haƙƙinsu ko labarin buɗewa. Na zauna a benci ɗaya da wani dattijo daga cikinsu, mutumin da aka ce da jin ƙarar injin saƙa kawai yake gane inda zare ya tsinke, ina kallonsa yana ɓare gyaɗa yana ƙullawa a leda domin jikarsa ta kai talla. Ya ciro katin shaidar aikinsa daga aljihun gaba, ya naɗe shi cikin leda biyu, hoton ya koɗe har fuskar ba ta fita sosai. Abin da ya fi damunsa, a faɗarsa, shi ne shekarun da ya ɓata yana jira a lokacin da yake da sauran ƙarfin neman wani aikin. Kai an buɗe maka ƙofar da ba a buɗe masa ba, saboda haka ka duba ta da kyau kafin ka juya mata baya.

Yanzu sai maganar takarda, kuma a nan zan daɗe. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 20, ta yi magana a kan rage ma'aikata saboda aiki ya ƙare: wajibi ne mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa, kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan kuɗin sallama. Ka lura cewa dokar ba ta yanke adadin kuɗin ba, ta bar shi ga ciniki, ga kuma abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin kamfani da yarjejeniyar da ƙungiya ta ƙulla. Ma'anar wannan ita ce kalmar «za a ba ku sallama» ba ta da nauyi har sai an rubuta kwana nawa ko mako nawa na albashi za a biya a kan kowace shekarar aiki, da kuma ranar biya. Sashe na 11 kuma ya ba wanda ya yi shekara biyar ko fiye haƙƙin sanarwar wata guda, ko kuɗin da ke madadinta. Idan kuna da reshen ƙungiyar ma'aikatan sinadarai da roba da fata a masana'antar, ku shiga ofishin manaja tare da wakilinta, idan kuwa babu, ku waɗanda aka zaɓa ku tafi a tare, domin mutum guda ana iya lallashinsa da murmushi a sallame shi hannu wofi.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci a takardar shi ne shekarunka 16. Akwai dabarar da wasu kamfanoni ke yi a irin wannan sauyi: sai a miƙo wa ma'aikaci takarda a ce ya rubuta cewa ya ajiye aiki da kansa, wai don a samu damar ɗaukarsa sabo a can. Kada ka sa hannu a irin wannan, ko da wanda ya miƙo maka ita mutumin da kuka daɗe kuna gaisawa ne. Wanda ya ajiye aiki da kansa ya zubar da hujjarsa ta neman kuɗin rage ma'aikata, kuma idan ya isa can a matsayin sabo, to shi ne na farkon fita ranar da aka tashi rage mutane, tunda dokar kanta ta ce wanda ya zo ƙarshe shi ake fara sallama, sai dai in ƙwarewa ta bambanta su. Abin da kake buƙata shi ne takardar canjin wurin aiki wadda ta ambaci ranar da ka fara aiki, ta kuma faɗi a fili cewa shekarunka suna ci gaba da ƙirguwa. Ka duba sunan da ke saman takardar harafi bayan harafi. Idan sunan kamfanin Agbara ya bambanta da na Kano ko da da kalma ɗaya, to wataƙila a idon doka wani ubangida ne daban, kuma sashe na 10 ya ce ba a mayar da ma'aikaci ga wani ubangida sai da yardarsa, tare da sa hannun jami'in ƙwadago. Idan kuwa ka ga sunan wani kamfanin 'yan kwangila mai samar da lebura, ka san cewa ana son mayar da kai ɗan wucin gadi ne, kuma a wannan hali gara ka karɓi sallamarka cikakkiya tukuna, sannan ka yi shawarar ko za ka je a matsayin sabo.

Ka nemi a ƙara sharaɗi guda wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba: idan cikin wata shida ko shekara guda zaman bai yiwu ba, ko daga ɓangarenka ko daga nasu, za a biya ka sallamar da za ka samu a yau ba tare da ragi ba. Ba lallai su yarda da shi yadda ka kawo shi ba, amma kana da abin ciniki a hannunka wanda ba ka ambata a wasiƙarka ba. Ba don tausayi aka zaɓe ka ba. Injin da ka yi shekara 16 kana sauraron numfashinsa, ka san zafin da yake so da lokacin da yake fara fitar da kujera mai nakasa, zai ɗauki sabon hannu watanni kafin ya saba da shi, kuma kowace rana ta watannin nan asara ce gare su. Saboda haka ka nemi kuɗin ɗaukar kaya da na mota, ka nemi masauki na watannin farko ko kuɗin hayar shekara, ka nemi a rubuta hutunka na shekara, ka yi duk wannan cikin ladabi amma ba da muryar mai roƙo ba. Idan daga baya aka saɓa abin da aka rubuta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma takarda take dubawa.

Kafin ka ba da amsa, ka je ofishin kamfanin da ke riƙe da asusun fanshonka ka karɓi cikakken bayanin abin da ya shiga. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 10 cikin ɗari, kai kuma a cire maka kashi 8, kuma kamfanin da ya shiga matsi yakan cire na ma'aikaci ya kasa turawa. Idan akwai watannin da babu komai, yanzu ne lokacin neman a cike su, tun ofishin Kano yana buɗe. Asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Ka kuma sani cewa wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cirar kashi 25 na abin da ke ciki, amma ni ina ɗaukar wannan a matsayin guzurin ranar da babu, ba jarin da za a yi lissafi da shi ba.

Ƙarin albashin da aka yi maka alkawari shi ma ka auna shi da tukunya biyu, domin daga ranar da ka tafi wuta biyu za ka riƙa hurawa. A can mai gida zai nemi hayar shekara a dunƙule, dillali ya nemi la'adarsa, a ƙara da kuɗin rubuta yarjejeniya, ga abincin saye sau uku a rana ga mutumin da ya saba a ɗora masa kwano, ga kuɗin motar zuwa gida. Ka ɗauki biro ka rubuta abin da gidan Kano ke ci a wata, har da maganin Hajiya da kuɗin makaranta, ka cire shi daga sabon albashin, ka ga ko abin da ya rage zai riƙe mutum guda a Agbara ya kuma bar wani abu na ajiya. Farashin can kuwa kada ka karɓe shi daga bakin manaja. Ka roƙi kwana huɗu ko biyar ka je da ƙafarka, ka ga masana'antar, ka ga ko an riga an kafa harsashin da injinan za su zauna, ka tambayi ma'aikatan wurin ranar da albashi ke shiga, ka shiga ɗakin haya ka ji kuɗinsa. Gani ya kori ji, kuma kuɗin motar nan shi ne mafi arhar abin da za ka kashe a duk wannan al'amari.

Game da shawarar ƙanenka, ban raina sana'ar adaidaita sahu ba, tana ciyar da gidaje masu yawa a Kano. Sai dai ka tsaya a Ƙofar Nasarawa ko shataletalen Dangi da hantsi ka ƙirga nawa ne ke wucewa da fasinja ɗaya ko babu kowa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 ribar ta tsuke, kuma idan ka ba wani ya ja maka, kullum kana cikin rigimar balas da gyara. Idan kai za ka ja da kanka, ka shiga sana'ar da yaro ɗan shekara 20 ya fi ka juriya a cikinta, ka bar wadda ka fi dubban mutane iyawa. Wannan shi ne sakin reshe a kama ganye. Idan tafiyar ba ta yiwu ba, gara ka fara zagaya sauran masana'antun roba na Kano da takardar shaidar ƙwarewarka kafin ka taɓa kuɗin sallama. Kangon Fanshekara kuwa kada ka sayar da shi domin wannan tafiya, ko da zai shekara biyu a linta.

Na bar maganar mutanen gida zuwa nan ne ba don ita ce ƙarama ba, sai don ba a zuwa gaban uwa da magana rabi. Hajiya ita ce za ta iya rushe duk abin da na faɗa a sama. Ka same ta kai kaɗai bayan sallar isha, ka faɗa mata komai, har da abin da zai faru idan ka zauna, kada ka yi mata ado, sannan ka saurara. Iyaye mata sukan ce «je ka, Allah ya yi albarka» alhali zuciyarsu tana faɗin wani abu dabam, saboda haka ka koma mata da maganar bayan kwana biyu. Idan ta yarda, sai a zo ga aikin da kake yi mata, wanda ba ya tafiya da fatan alheri kawai: wa zai kai ta asibiti ranar ganin likita, wa zai tabbatar magani bai yanke ba, wa za a buga wa waya da tsakar dare. Ƙanen nan naka da ya kawo shawara shi ne ya kamata ya ɗauki wannan, a gaban Hajiya da wani babba na dangi, da sunansa da ranakunsa. Kada a jibge shi duka a kan maiɗakinka, wadda za ta riƙe yara biyar ita kaɗai, domin a irin haka ne zaman suruka da surukarta ke tsami, mijin kuma yana nesa yana jin rabin labari ta waya.

Ita kuma maiɗakinka, cewar da ta yi «duk abin da ka yanke daidai ne» ladabi ne, bai zama amsa ba, kai ma ka gane haka tunda ka ambata. Ka tambaye ta abin da take tsoro, ka ba ta lokaci ta faɗa. Wataƙila kaɗaici ne, wataƙila kuɗin cefane ne da zai riƙa bi ta hannun wani, wataƙila kuma abin da mata da yawa suka gani ne a gidajen maƙwabta, wato mijin da ya tafi kudu neman abinci, kiran waya ya fara raguwa, bayan shekara biyu aka ji ya yi sabon gida. Malamai suna kawo labarin yadda Sayyadina Umar ya iyakance tsawon watannin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa bayan ya bincika iya haƙurin mace, kuma abin da ake ambata bai wuce wata huɗu zuwa shida ba. Idan an yi wa mai jihadi iyaka, mai neman albashi ya fi cancanta da ita. Ku yanke tare sau nawa za ka zo a shekara, kuɗin gida kuma ya riƙa shiga asusunta kai tsaye a rana sananniya, ba sai ta aika an tuna maka ba. Babbar 'yarka kada a taɓa karatunta a wannan shekara, ta rubuta jarrabawarta a makarantar da aka yi mata rajista, wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a kwashi gida gaba ɗaya yanzu.

Tsoron baƙunta shi ne mafi sauƙi a cikin damuwarka. Kakanninmu sun kai Gwanja da ƙafa suna fataucin goro, kuma Hausawa sun yi zuriya a unguwannin Sabo na Shagamu da Badun, da kuma Agege, da masallatansu da sarakunansu. Ka nemi Sarkin Hausawan yankin ka gabatar da kanka a makon farko, ka koyi gaisuwar Yarbanci, domin mutane ne masu girmama gaisuwa ƙwarai, ka riƙa yawo da katin shaidarka na ƙasa da na aiki, ka kuma guji tafiyar dare a kan hanya gwargwadon iko.

Wa'adin da zan ba ka shi ne shekara guda. Ka rubuta ranar a takarda, maiɗakinka ta ajiye. Idan ta cika, ku zauna ku duba abubuwa uku da idon gaskiya: ko albashi yana zuwa a kan lokaci, ko an iya ajiye wani abu bayan tukwanen biyu, da kuma halin da Hajiya da yara suke ciki. A lokacin ne za a yi maganar ɗauko iyali ko dawowa gida, kuma a cikin shekarar kada ka yanke hulɗa da masu masana'antun Kano da tsofaffin abokan aikinka, domin ta bakinsu za ka ji inda ake neman mai irin hannunka. Ka yi istihara a daren nan, gobe kuma ka nemi sauran waɗanda aka zaɓa ku rubuta buƙatunku a takarda ɗaya, ku kai ofis, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan mako huɗun bai isa ka je Agbara ka dawo ba, ku sa neman ƙarin mako biyu a layin farko.